Aninin Gwauruwa da Tubalin Navrongo

Cikin Markus sura 12 Yesu ya zauna a Haikali yana duban masu kawo baiko. Mawadata suka zuba da yawa. Wata gwauruwa matalauciya ta zuba anini biyu, iyakar abin hannunta ke nan. Ita ce Ubangiji ya yaba, gama ba ta rage wa kanta kome ba.

Irin wannan ya faru kusa da Paga. Ƙasar nan ta sha wuyar masu kamun bayi. Daga zangon Pikworo akan kora mutane har kasuwar Salaga. A 1906 limaman Katolika suka zo Navrongo daga Wagadugu, suka tarar da manoma talakawa. A 1920 masu bi suka gina babbar majami'a. Azurfa ba su da ita, amma suna da ƙasa da ruwa da ƙarfin hannu. Suka kwaɓa ƙasa, suka yi tubali, suka yi daɓe da makuba. Daga baya mata suka ƙawata bangon da zane irin na ɗakunansu. Ginin yana nan tsaye har wa yau.

Ɗan'uwa, kada ka ce sai ka yi arziki tukuna. Abin da ke hannunka yau, shi Allah yake karɓa. Amin.