Gidan Ruhubanawan Da Harajin Masoro Ya Gina

Mai karatu, a bakin kogin Tagus, a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, akwai wani katafaren gini da ake kira Jeronimos. Da can gidan ruhubanawa ne, wato Kiristocin nan da ke barin aure da dukiya su keɓe don ibada. Sarki Manuwel na Ɗaya ya sa aka kafa harsashinsa a 1501, aikin kuwa sai da ya ci kusan shekara ɗari.

To, ina kuɗin suka fito? Daga harajin kashi 5 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan da jiragen Fotugal ke kwasowa daga Afirka da ƙasashen Gabas, wanda ake wa laƙabi da harajin masoro. Su ne fa Turawan da suka raɗa wa Legas suna. Ruhubanawan kuwa aikinsu yi wa sarki da matuƙan jiragen addu'a.

Da farin dutse aka gina shi, masassaƙa kuma ba su ɓoye asalin arzikin ba: igiyoyin jirgin ruwa suka sassaƙa a jikin dutse, an murɗe su kai ka ce kaba ce. Ƙofar kudu tsayinta mita 32. Ginshiƙai shida sirara ke tallafe da rufin cocin, amma girgizar ƙasar 1755 da ta ragargaza Lisbon ba ta kayar da shi ba.

A 1833 gwamnati ta karɓe gidan, aka mai da shi makarantar marayu har zuwa 1940. Kabarin Vasco da Gama na ciki, 'yan yawon buɗe ido na layi a kai.