Fuska da Murya: Kwatancin Sana'ar Thalia ta Meziko da Fati Nijar ta Kannywood

Tsakure

Maƙalar nan ta kwatanta sana'ar mata biyu da suka haɗa waƙa da fim: Thalia, mai waƙa da wasa da harshen Sifaniyanci, da Binta Labaran, wadda aka fi sani da Fati Nijar. An yi nazarin ne ta hanyar sauraron waƙoƙi da kallon finafinai da duba ayyukan masana. An gano cewa masana'antar Meziko tana haɗa fuska da murya a jikin mace ɗaya, Kannywood kuwa ta raba su, kuma wannan tsari ne ke ƙayyade suna da kuɗi da tsangwamar da kowace mace ke samu.

1.0 Gabatarwa

Tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, manazarta finafinan Hausa sun fi karkata ga jarumai da jigogi da tace finafinai. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, sun bayyana yadda finafinan Indiya suka yi wa fim ɗin Hausa tasiri, musamman a rawa da waƙa. Wadda ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce macen da ke rera waƙar a situdiyo, wata kuma ta hau a gaban kyamara. Matsayinta zai fi fitowa idan aka jera ta da takwararta daga masana'antar da ba ta yi wannan rabuwa ba.

2.0 Thalia

An haifi Ariadna Thalia Sodi Miranda a birnin Meziko ranar 26 ga Agusta, 1971. Ta shiga ƙungiyar mawaƙa matasa ta Timbiriche a 1986, ta fito a wasan talabijin na Quinceañera a 1987, ta kuma fitar da kundinta na farko ita kaɗai a 1990. Wasanni uku na kamfanin Televisa ne suka ɗaga ta: María Mercedes a 1992, Marimar a 1994, da María la del Barrio a 1995. Dukkansu labarin 'yar talaka ne da ta faɗa hannun dangin masu kuɗi.

Ita ce jarumar, ita ce kuma mai rera waƙar buɗe shiri. Duk ƙasar da ta sayi wasan, ta sayi muryarta tare. Shi ya sa da ta ziyarci Filifin a 1996 aka yi mata tarbar manya, a 1997 kuma ta fitar da kundi mai ɗauke da waƙoƙi da harshen Tagalog. Bayan Rosalinda a 1999 ta janye daga irin waɗannan wasanni, ta auri Tommy Mottola a 2000, ta ci gaba da waƙa ba tare da sunanta ya dusashe ba.

3.0 Fati Nijar

A gargajiyar Bahaushe ana ganin mawaƙiya ido da ido. Zabiya a gidan biki take waƙarta, haka Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, a gaban mata take amadarta da ƙwarya. Ɓoye mai murya a bayan jaruma aro ne daga Indiya, inda irin su Lata Mangeshkar suka yi shekara da shekaru suna rerawa wasu na hawa. Bayan kasuwar da fim ɗin Sangaya ya yi a 1999, furodusoshi suka gane waƙa ce ke sayar da kaset, sai situdiyoyi masu fiyano suka yawaita a Kano.

Wannan kasuwa Fati Nijar ta tarar. Haifaffiyar Maraɗi ce, ta zo Kano ta shiga waƙar fim, muryarta ta riga fuskarta shiga gidaje. Daga baya waƙar Girma Girma da fitowa a bidiyon waƙoƙinta da wasa a wuraren biki suka sa jama'a suka haɗa sunan da fuskar, har ake mata laƙabi da Gimbiyar Mawaƙa. Ta taɓa fim, amma a matsayin mawaƙiya aka san ta. Abin da Televisa ta shirya wa Thalia tun farko, Fati da kanta ta gina shi daga baya.

4.0 Sakamakon Nazari

Na farko, a tsarin Kannywood galibi sau ɗaya ake biyan mawaƙiya ladan aikinta, mai kallo kuwa da sunan jaruma ko na fim yake kiran waƙar. Ta fuskar suna, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu, ɓoyewar tana da kariya. Tun kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, yawancin ce-ce-ku-ce a kan sutura da rawa da taɓa jiki yake, duk kuwa abubuwa ne da ido ke gani. Korar da ƙungiyar MOPPAN ta yi wa jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ ne, inda fitowa kawai ta yi. Haka nan aure kan tsayar da jaruma, alhali mawaƙiya na iya ci gaba da zuwa situdiyo.

Na uku, murya ta fi fuska nisan tafiya a karkara. A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda madatsar ruwa ta Tiga ke shayarwa, mai dashen shinkafa da mai tsinkar tumatir da mai lodin kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan hannunsu da idonsu na kan aiki. Waya a aljihu ko rediyo a gefen gona ne abokin hira, waƙar kuma daga masu turi ake samunta, sau da yawa ba sunan mai rerawa. A nan mawaƙiya ke da mafi yawan masu sauraro, a nan kuma ta fi rashin samun ko kwabo.

5.0 Kammalawa

Bambancin matan biyu ya fi alaƙa da tsarin masana'anta fiye da baiwa. Maƙalar na ba da shawarar a wajabta rubuta sunan mai rerawa a jikin kowace waƙar fim, a kuma riƙa yin yarjejeniya a rubuce kan haƙƙin mallaka. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tattara tarihin mawaƙan fim mata daga bakinsu tun suna raye.