Ciwon Dogon Yaro da Itatuwan Ƙasar Mafara

Duk wanda ya zauna a inuwar dogon yaro ranar kasuwar Talata Mafara, ko ya bi hanyar Bakura ya ga yadda ya yi sahu, sai ya zaci itacen nan gadon kaka da kakanni ne, alhali kuwa baƙo ne daga Indiya, wanda Turawan gandun daji suka fara shukawa a lardin Borno a 1928, sa'an nan hukumomin En'e suka yaɗa shi gari gari, saboda haƙurinsa da fari da saurin girmansa.

A wajen 1990 sai labari ya zo daga kudancin Nijar cewa wani ciwo ya faɗa wa dogon yaro, ba da jimawa ba kuma aka gan shi a arewacin Nijeriya. Ganye ya yi ɗorawa ya kakkaɓe, reshe ya tsaya tsirara in ban da ɗan tukku a kansa, daga nan ya bushe. Hankalin malaman tsirrai ya tashi ƙwarai, suka zargi wata funfuna, domin sun san abin da irinta ta aikata a wata nahiya.

A Amurka akwai wani babban itace mai suna cesnat, wanda ake cin 'ya'yansa, ake gini da katakonsa. A 1904 aka ga funfunar da ta zo daga Asiya a jikinsa a birnin Niyok, tana shiga ta tsagar ɓawo, ta yi gyambo, gyambon ya kewaye gangar itacen har ya yanke wa sama ruwa. Kafin shekara hamsin ta halaka itatuwa fiye da biliyan 3. Amma cikin hikimar Ubangiji annobar ba ta kai ga saiwa ba, saboda haka har yau kututture yana fid da toho, tohon ya tasa, cutar ta kashe shi, saiwar ta sake fid da wani. A Italiya kuwa, inda ta ɓulla a 1938, an tarar da itatuwa suna warkar da gyambonsu, bincike ya nuna ita kanta funfunar ce ta kamu da wata ƙwayar cuta da ta raunana ta.

Namu dogon yaron Allah ya yi masa sauƙi. Galibin masana suka karkata ga cewa musabbabin ciwon shi ne wahalar fari da taurin ƙasa, da damina ta gyaru kuwa da yawa suka farfaɗo.

A ganina, hasarar da ta fi wannan girma a ƙasarmu ba cuta ce ta jawo ta ba. Lokacin da aka gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama a 1978, ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki a ƙasar Maradun, katafila kuma ta daidaita filayen ban ruwa na Mafara da Bakura, ta tumɓuke ɗorawa da tsamiya da kuka tun daga saiwa, inda babu sauran toho har abada. Diyyar gonaki da ta itatuwa tana cikin abin da manoma suka yi ta kuka a kai, har aka zubar da jini a Birnin Tudu a watan Afrilu na 1980, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun shekarun 1980, sun koma ga abin da suke kira sassaben zamani: manomi ya bar kututturen gawo ko kalgo a gonarsa, ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya sare sauran. Ina roƙon manomanmu da hakimanmu, in sassabe ya zo, kada a tone kututture, kada kuma a cinna masa wuta.