Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Tarihin Bincike a Kan Fuska da Zaɓen Masoyi

Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun wannan zance cikin tarihin ilmin halayyar ɗan Adam a Turai da Amurka, mu nuna yadda masana suka tashi daga binciken mai fuska suka koma binciken mai kallonta. Har ila yau za mu waiwayi mutanen da aka yi gwaje-gwajen a kansu, domin da su aka gina wannan ilmi, galibi kuwa ba da cikakken saninsu ba.

Zamanin Firasa

Tsakanin 1775 da 1778 wani limamin coci mutumin Siwizalan, Johann Lavater, ya wallafa littafi mai juzu'i huɗu yana da'awar cewa ana iya karanta hali daga goshi da hanci da haɓa. Wannan ra'ayi ya sami karɓuwa ƙwarai, har ya kai a 1831 Kyaftin FitzRoy ya kusa ƙin ɗaukar Charles Darwin a jirgin ruwansa, wai don hancinsa bai nuna himma ba. A 1878 Francis Galton na Ingila ya ɗora hotunan fursunoni bisa juna don ya fito da ainihin fuskar mai laifi. Abin da ya samu shi ne fuska wadda ta fi ta kowanensu kyan gani. Sai a 1920 Edward Thorndike ya juya akalar tambayar, inda ya lura cewa idan hafsan soja ya yaba ƙirar wani na ƙasa da shi, yakan yaba basirarsa da halinsa duka. Watau kuskuren yana idon mai hukunci.

Liyafar Minnesota

Binciken da ya shigo da soyayya cikin maganar shi ne wanda Elaine Walster da abokan aikinta suka buga a 1966. An shirya wa sababbin ɗalibai na Jami'ar Minnesota liyafar rawa, aka ce kwamfuta za ta zaɓar wa kowa wanda ya dace da shi. Ɗalibai 752 suka shiga, rabi maza rabi mata. A lokacin da suke sayen tikiti, wasu ɗalibai huɗu na ba su maki a asirce gwargwadon kyansu. Kwamfuta kuwa ba ta zaɓi kowa ba. Haɗa su aka yi kara zube, illa dai ba a haɗa namiji da wadda ta fi shi tsawo ba. Da aka tsagaita rawa aka tambayi kowa ko yana son sake ganin abokin rawarsa. Masu binciken sun zaci kowa zai nemi daidai da shi, amma sai aka tarar kyan sura ne ya rinjayi kome. Basira da hali ba su taka rawar a zo a gani ba.

A 1972 Karen Dion da Ellen Berscheid da Walster suka nuna wa ɗalibai 60 hotuna uku-uku, suka ce ana gwada iyawarsu ne wajen gane mutane. Ɗaliban suka ɗora wa kyawawa halaye nagari, suka yi musu zaton aiki mai daraja da aure mai daɗi, ko da yake ba su zaci za su fi wasu iya tarbiyyar 'ya'ya ba. Daɗin daɗawa, a 1977 Mark Snyder da abokan aikinsa suka sa maza 51 su yi hira da mata 51 ta wayar tarho, bayan an ba kowane namiji hoton da ba na abokiyar hirarsa ba. Waɗanda suka zaci kyakkyawa ce suka sakar mata fuska, ita ma ta amsa da fara'a, har alƙalan da suka saurari muryarta kaɗai suka shaida haka. Ke nan zato yakan haifi halin da yake zato.

Su Wa Aka Bincika?

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata mu lura da su. Na farko, dukkan gwaje-gwajen nan uku an gina su ne bisa ɓoye wa mahalarta gaskiyar manufa. A Amurka sai a 1974 aka kafa dokar ƙasa ta kare waɗanda ake bincike a kansu, Rahoton Belmont na 1979 kuma ya jaddada cewa dole a nemi yardar mutum bayan an fahimtar da shi. Na biyu, mahalartan ɗaliban jami'a ne na ƙasa guda. Jeffrey Arnett ya nuna a 2008 cewa kashi 68 cikin ɗari na waɗanda aka bincika a manyan mujallun wannan fanni Amurkawa ne. Saboda haka hukuncin matasan da suka haɗu dare ɗaya a filin rawa ba zai zama ma'auni ga al'ummar da iyaye ke binciken asali da hali kafin a ɗaura aure ba.

Kammalawa

Duk da haka kada mu ɗauka abin bai shafe mu ba. A 1973 Margaret Clifford da Walster suka aika wa malaman firamare rahoton ɗalibi iri ɗaya, hoto kaɗai ya bambanta, malaman suka fi kyautata zato ga basirar yara kyawawa. A 2006 kuma Janine Willis da Alexander Todorov suka nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya isa mutum ya yanke wa fuska hukunci. Mu da muke horar da malamai, wajibi ne mu koya musu tuhumar wannan kallo na farko. Idan kuwa za mu maimaita irin wannan bincike a kwalejojinmu, to, mu fara da neman yardar ɗalibanmu, mu kuma bayyana musu gaskiya bayan an gama.