Karan dafi da kumburin jiki: Abin da gwaji a kan ɓeraye ya nuna

A yankin Funtua da Malumfashi da ke kudancin jihar Katsina, an san dawa a matsayin abinci, karanta kuma na danni da abincin dabbobi.

Sai dai akwai wani nau'in dawa, wato karan dafi, wanda dukawa suka daɗe suna rina jar fata da shi. Wannan jan launi ne ya ja hankalin masana kimiyya.

Mene ne sinadaran kariya?

A duk lokacin da jiki ke sarrafa abinci da iskar da muke shaƙa, yakan samar da wasu ƙananan sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Jiki na da nasa hanyoyin kare kai, kuma yana samun taimako daga wasu sinadaran da ke cikin tsirrai. Jan launin karan dafi da na zoɓo, da bitamin C da ke cikin garin ɗan kuka da ganyen zogale, duk suna cikin wannan rukuni.

Takura da kumburi

A shekarar 1936, wani masani mai suna Hans Selye da ke aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada ya gano cewa ɓerayen da aka takura wa da sanyi ko rauni ko wahala mai yawa kan kamu da gyambon ciki, sassan garkuwar jikinsu kuma su ƙanƙance.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan takura ta daɗe, sinadarai masu ɓarna kan rinjayi masu kariya. Daga nan sai kumburi ya ɓulla a cikin jiki, irin wanda ido ba ya gani, a hanta da hanji da ƙwaƙwalwa.

Yadda ake gwajin

Akan raba ɓeraye gida-gida, a takura musu na tsawon makwanni ta hanyar tsare su a wuri mai ƙunci ko hana su barci. Wasu a ba su abin da aka tato daga tsiro, wasu a ba su ruwa kawai, sannan a auna jininsu da sassan jikinsu.

A cikin shekarun 2010, masu bincike a Jami'ar Ibadan sun ba da rahoton cewa ɓerayen da aka bai wa wani haɗi da aka yi daga kuben ganyen dawa sun nuna raguwar alamun kumburi, kuma ba su yi mantuwa kamar sauran ba.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kuwa, likitocin dabbobi sun gano cewa bitamin C na rage wa kaji da awaki galabaita a lokacin bazara da kuma yayin doguwar tafiya a mota.

Ɓera daban, mutum daban

Masana na jan hankali cewa ɓeraye kan samu tataccen sinadari da ya ninka abin da mutum zai samu a kofin zoɓo, kuma gwajin na 'yan makwanni ne.

Akwai ma darasi daga ƙasar Finland. Wani gwaji da aka yi a kan mashaya taba kimanin 29,000, wanda aka wallafa a 1994, ya nuna cewa waɗanda suka sha ƙwayoyin sinadarin kariya irin na karas sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari.

Haka kuma, lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtukan da mai talla ke lissafawa.

Don haka shawarar likitoci ita ce a ci gaba da cin kwaɗon zogale da miyar kuka da tuwon dawa a matsayin abinci. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa, kada ya ajiye maganin asibiti saboda sakamakon da aka samu a jikin ɓera.