Tudun Gishiri: Garin da Tsuntsaye da Mutane Ke Gudu Zuwa Gare Shi

A gaɓar Tekun Meksiko, gabas da birnin Galbeston a jihar Teksas ta Amurka, akwai wani ƙaramin gari mai mutane ɗaruruwa kacal, ana kiransa High Island, wato tsibiri mai tudu. Ba tsibiri ba ne. Tudu ne da tsayinsa bai wuce mita 12 ba, amma a wannan shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ta fadama da yashi, mita 12 dutse ne. Idan muka bi tarihin garin, za mu ga kusan duk abin da ya same shi daga wannan tudu ya faro.

Gishiri ne ya yi tudun. Fiye da shekaru miliyan 150 da suka wuce, wani tsohon teku ya ƙafe ya bar gishiri mai kauri, ƙasa ta binne shi. Nauyin da ke bisansa ya riƙa matsa shi, shi kuma ya riƙa kunno kai sama sannu a hankali, har ya ɗaga doron ƙasa. Ruwan teku ba ya yawan kai wa can, don haka manyan itatuwa suka samu wurin tsiro, alhali kewayen duk ciyawar fadama ce.

A ƙarshen ƙarni na 19 layin dogo ya iso, aka gina babban otal na masu zuwa shan iska. Da mahaukaciyar guguwar 1900 ta hallaka mutane aƙalla 6,000 a Galbeston, nan mazauna kewaye suka fake. A shekarun 1930 kuma aka haƙo man fetur da ya taru a gefen curin gishirin.

Tsuntsaye sun riga kowa sanin darajar wurin. Kowane watan Afrilu, ƙananan tsuntsaye masu ƙaura kan tashi daga yankin Yukatan na Meksiko da almuru, su ƙetare teku, tafiyar kusan kilomita 1,000 babu sauka. Wasunsu nauyinsu bai fi giram 10 ba. In iskar kudu na tura su, sukan wuce gaɓar su nausa cikin ƙasa. In kuwa suka yi karo da iskar arewa da ruwan sama, da yawa kan faɗa teku, waɗanda suka tsira su zubo kan itatuwan farko da suka gani, a galabaice. Wannan rana ce masu kallon tsuntsaye daga ƙasashe daban-daban ke fatan gani. Mu lura: ranar murnar mai kallo ita ce ranar wuyar tsuntsu. Tun farkon shekarun 1980 ƙungiyar Houston Audubon ta fara sayen kurmin garin don kada a sare shi.

Guguwa dai ba ta daina zuwa ba. Chantal ta sauka kusa da garin a 1989, Humberto a 2007. A ranar 13 ga Satumba, 2008, Ike ta turo teku ya shafe kusan dukkan gidajen Gilchrist, maƙwabcin garin. Ruwa ya kewaye tudun ta ko'ina, sunan garin ya zama gaskiya.

Sai dai tsira a kan tudu ba ta wadatar. Hanyar mota mai lamba 87, wadda ta bi bakin teku daga garin zuwa Sabine Pass, teku ya cinye ta, an rufe ta fiye da shekaru 30 ke nan. Fadamun da ke rage ƙarfin igiyar ruwa, suke kuma ciyar da balbelu da sauran tsuntsayen ruwa, suna zaizayewa. Tudun zai daɗe yana nan. Abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne ƙasar da ke kewaye da shi, domin mafaka ba ta da amfani in babu hanyar isa gare ta.