Bishop Tugwell a Fadar Sarkin Kano Alu

A shekarar 1900, Bishop Herbert Tugwell, limamin cocin Angilikan ɗan ƙasar Ingila, ya taso daga Legas da abokan tafiya huɗu na ƙungiyar mishan ta CMS, cikinsu har da Likita Walter Miller. Burinsu su kafa mishan a birnin Kano.

Da suka isa Kano, Sarki Alu Babba bai yi musu maraba ba. Sun shigo ƙasarsa ba da izininsa ba, don haka ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su fice.

Suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, inda abokinsu Dudley Ryder ya rasu. Tugwell ya riƙe muƙaminsa na bishop daga 1894 har 1921. Miller kuwa ya zauna birnin Zariya a 1905, daga baya aikin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929.